Gwarzo Marar Kabari: Roberto Clemente a Hannun Masoya da 'Yan Gwanjo

Gabatarwa

Idan mutum ya mutu aka kai shi makwancinsa, waɗanda ya bari suna da wurin da za su nuna su ce ga inda yake. Ko da ba su taka zuwa can ba, sanin cewa wurin yana nan yakan kwantar musu da hankali, domin zuciya ba ta yarda an rabu sai ta ga an mayar da ƙasa. To, ina kuma ga mamacin da ba a sami gawarsa ba, ga shi kuwa dubban mutane ne suke kukan rashinsa? Wannan ita ce tambayar da mutanen tsibirin Puerto Rico da na birnin Pittsburgh da ke Amurka suka wayi gari da ita ran 1 ga Janairu, 1973, sa'ad da labari ya bazu cewa jirgin saman da ya ɗauki Roberto Clemente, shahararren ɗan wasan besbol, ya faɗa teku cikin dare. Fiye da shekara hamsin ke nan suna neman amsa, kuma kowa da irin wadda ya samu. Wani ya adana ɗan katin hotonsa cikin akwati, wasu sun sa wa gada da makarantu sunansa, wasu kuwa suna zuba maƙudan kuɗi a wurin gwanjo don su mallaki abin da ya taɓa riƙewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi waɗannan hanyoyi na tunawa da mamaci, musamman na masu tara katuna da sauran kayan marigayin, sa'an nan ta auna ko abin da suke riƙe da shi ya yi daidai da mutumin da suka rasa. Da yake ba kowane mai karatu ne ya san wasan ba, ya kamata a fara da ɗan bayani a kansa.

Wasan da Ɗan Wasan

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum tara, kuma bi da bi ake yinsa: ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Majefi yakan tsaya a tsakiya ya wurgo wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce girman lemo ba, shi kuwa mabugi ya yi ƙoƙarin maka mata kulki. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu yana bin zango huɗu da aka jera a kusurwoyin fili, na huɗun shi ne inda ya tashi. In ya kewayo lafiya, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Masu tsaro kuwa aikinsu shi ne su cafke ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko su jefa ta zangon da ya nufa kafin ya isa. Bugun da ya kai mai shi zango lafiya shi ake ƙirgawa a matsayin bugu mai kyau, kuma saboda wuyar abin, wanda ya samu uku cikin goma ya cika gwani.

An haifi Roberto Clemente ran 18 ga Agusta, 1934, a garin Carolina na Puerto Rico. Mahaifinsa, Melchor Clemente, shugaban lebura ne a gonar rake, sunan mahaifiyarsa kuwa Luisa Walker, kuma shi ne autansu. Ya fara wasan kuɗi a ƙungiyar Santurce ta can gida. A 1954 ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi ta tura shi Montreal a Kanada, kafin shekarar ta ƙare kuwa ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta janye shi. Daga 1955 har 1972, watau kakar wasa goma sha takwas, bai sa rigar wata babbar ƙungiya a Amurka ba sai ta Pirates.

Wurin tsaronsa shi ne gefen dama na can bayan fili, kuma waɗanda suka gan shi sun fi yawan ambaton ƙarfin hannunsa, yadda yakan tsinci ƙwallo daga gindin katanga ya juya ya harba ta, ta riga mai gudu isa zango. Sau goma sha biyu a jere, daga 1961 zuwa 1972, yana karɓar kyautar Safar Zinariya da ake bai wa gwanayen tsaro. Sau huɗu yana zama zakaran mabuga na rukuninsu, a 1961 da 1964 da 1965 da 1967, kuma a 1966 aka zaɓe shi ɗan wasa mafi daraja. Ƙungiyarsa ta ɗauki kofin zakaru a 1960 da 1971. Ran 30 ga Satumba, 1972, a filin Three Rivers, ya yi bugu mai kyau na 3,000, ya zama mutum na goma sha ɗaya da ya kai wannan adadi a tarihin wasan. 'Yan kallo 13,117 kacal ne suka halarta a ranar, domin babu wanda ya san cewa lissafin a nan zai tsaya.

Suna Linzami

Ba a fahimtar irin son da ake yi wa Clemente yau sai an san irin kallon da aka yi masa jiya. Ya zo Amurka yana baƙar fata, kuma mai magana da Sifaniyanci, a zamanin da dokar wariya take aiki a jihohin kudu. A lokacin horon share fage a Florida, ba a barinsa ya kwana a otal ɗaya da abokan wasansa Turawa. In an tsaya cin abinci a hanya, baƙaƙe sai su zauna cikin mota a miƙo musu nasu. Clemente ya ƙi cin irin wannan abinci, ya kuma matsa har hukumar ƙungiyar ta samar wa baƙaƙen 'yan wasa motarsu ta kansu. 'Yan jarida kuwa sukan rubuta maganarsa yadda ta fito daga bakinsa, da gurɓataccen Turanci, don masu karatu su yi dariya. In ya ce bayansa na ciwo, wanda kuwa ya samo asali daga haɗarin mota da ya yi a 1954, sai a ce raki ne.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne taɓa sunansa. Wasu 'yan jarida da masu sharhi sun ga “Roberto” ya yi musu baƙunta a baka, sai suka mayar da shi “Bob”, shi kuwa ya sha faɗa musu cewa ba sunansa ba ne. Kamfanin Topps, mai buga katunan 'yan wasa, ya bi sahunsu: daga 1957 har 1969 abin da ke rubuce a katinsa shi ne “Bob Clemente”. Hausawa sun ce suna linzami ne, wanda duk ya sauya wa mutum suna kuwa yana neman ya ja shi inda bai yi niyya ba. Clemente bai jawu ba. A 1971, bayan ƙungiyarsa ta doke Baltimore Orioles aka kuma ba shi kyautar gwarzon gasar, an miƙa masa makirufo a gaban talabijin, Amurka duka tana kallo. Kafin ya ce uffan da Turanci, sai ya yi magana da Sifaniyanci, ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya kuma roƙi iyayensa da ke Puerto Rico su sa masa tasu. Mutanen tsibirin ba su manta da wannan ba.

Daren Sabuwar Shekara

Ran 23 ga Disamba, 1972, girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nikaragua, ta kashe dubban mutane. Makonni kaɗan kafin haka Clemente yana ƙasar, yana jagorantar ƙungiyar Puerto Rico a wata gasa, saboda haka waɗanda abin ya shafa ba baƙi ba ne gare shi. Ya shugabanci kwamitin tara gudummawa, ya bar hutun Kirsimeti ya koma tattara abinci da magani da tufafi. Ba a daɗe ba sai labari ya zo cewa jami'an rundunar Anastasio Somoza suna karkatar da kayan da aka aika a jiragen farko. Clemente ya yanke shawarar ya raka kaya na gaba da kansa, yana ganin idan yana tsaye a wurin, za a ji nauyin idonsa.

Jirgin da aka samu tsoho ne, samfurin DC-7, mai tarihin matsalar inji, kuma an yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida da kusan tan biyu. Ya tashi daga filin jirgin San Juan da dare ran 31 ga Disamba, bayan ƙarfe tara, bai yi nisa ba ya faɗa teku kusa da gaɓar Isla Verde. Mutum biyar ne a ciki, ba wanda ya tsira. An tsamo gawar matuƙin bayan 'yan kwanaki, amma ta Clemente ba a gan ta ba har yau. Shekararsa talatin da takwas. Ya bar matarsa, Vera Zabala, da 'ya'ya maza uku ƙanana.

Gwamnatin tsibirin ta sa a yi zaman makoki na kwana uku. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa bakin teku, suka tsaya kwana da kwanaki suna duban ruwa, jiragen ceto suna kai da kawo. 'Yan ƙungiyar Pirates suka taso daga Amurka don addu'ar da aka yi a cocin garin Carolina, amma an rasa mutum ɗaya a cikinsu, watau Manny Sanguillén, ɗan ƙasar Panama, amini ga marigayin. Shi yana can bakin teku yana nitso, yana laluben gawar abokinsa. Bai same ta ba.

Tunawar Hukuma

Hukumomi ba su yi jinkiri ba. A ƙa'ida, ɗan wasa sai ya shekara biyar da barin fili kafin a sa shi a Zauren Gwaraza da ke Cooperstown, amma aka ɗage masa wannan sharaɗi, aka shigar da shi a 1973. Pirates suka jingine lambar rigarsa, 21, ba za a ƙara bai wa kowa ba. A 1984 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa. An kafa mutum-mutuminsa a Pittsburgh a 1994, an sa wa wata gada da ke kan kogin Allegheny sunansa, kuma da aka buɗe sabon filin wasa na PNC Park a 2001, sai aka yi katangar gefen dama ƙafa 21 daidai. Ranar wasa akan hana motoci bin gadar, masoya su tako ta da ƙafa zuwa fili.

Sai dai ko a nan ma batun suna bai kwanta ba. A al'adar masu Sifaniyanci, sunan dangin uba ke fara zuwa, na uwa ya biyo baya, watau cikakken sunansa Roberto Clemente Walker. Allon tagulla da aka kafa masa a Cooperstown ya juya su, ya rubuta Roberto Walker Clemente, kuma haka ya zauna shekara ashirin da bakwai, sai a 2000 aka gyara. Ana cewa lamba 21 ɗin ma daga yawan haruffan wannan cikakken suna ta fito. Mai karatu yana iya ƙirgawa: bakwai da takwas da shida.

Masu Tara Kati

Tunawar talaka ba ta gada ba ce, ta ɗan abin da zai iya sa wa a aljihu ce. A Amurka ta shekarun 1950 da 1960, yaro yakan je kanti da senti biyar ya sayi ƙunshin katuna da cingam a ciki. Gaban katin hoton ɗan wasa ne, bayansa kuwa lissafin abin da ya yi. Yara sukan yi musaya da su, su yi wasan jifa da su, wasu ma su maƙala su a ƙafar keke don su riƙa ƙara. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a kwandon shara ranar da uwa ta share ɗakin ɗanta bayan ya girma ya bar gida.

A ɗauki misalin wani dattijo a Pittsburgh, irin waɗanda suke yara a lokacin da Clemente yake tashe. Yana da kati ɗaya da ya tsira daga sharar uwa, kusurwoyinsa sun lanƙwashe, launinsa ya kwanta, tsakiyarsa da alamar ninki saboda zaman aljihu. Ba ya fito da shi kullum. Amma duk ranar da ya fito da shi don ya nuna wa jikansa, ba lissafin da ke baya yake karantawa ba. Abin da yake gani shi ne ranar da mahaifinsa ya dawo daga masana'antar ƙarfe ya kai shi kallo, da kuma safiyar sabuwar shekarar da ya tarar da manya sun yi jugum a gaban rediyo. A wurin irin wannan mutum, katin ya tsaya a matsayin kabarin da babu. Nan yake zuwa ziyara.

Akwai wani kati da masu tarawa suke ji da shi saboda irin wannan dalili, watau na 1973. An riga an shirya shi kafin haɗarin, ya kuma fito kasuwa bayan mai shi ya mutu. Yaran da suka buɗe ƙunshi a wannan shekara sun ci karo da hoton mutumin da suka san ba ya duniya, a jere da na rayayyu, a bayansa kuwa jimillar bugunsa ta tsaya cif a 3,000.

Har ila yau akwai abin lura game da katunan nan goma sha uku masu ɗauke da “Bob”. Mai son ya haɗa jerin katunan Clemente duka ba shi da yadda zai yi sai ya tara su, ya jera su cikin kundi ɗaya da sauran. Ke nan masoyin da ya fi kowa ƙwazo shi ne yake adana shaidar rainin da aka yi wa wanda yake so. Wannan ba aibu ba ne. Wanda ya buɗe kundin zai ga “Roberto” a 1955 da 1956, ya ga sunan ya ɓace shekara goma sha uku, sa'an nan ya ga ya dawo a 1970, kuma ko ba a yi masa bayani ba zai gane cewa an yi wata gwagwarmaya, wani kuma ya yi nasara. Wani lokaci ɗan kwali yakan riƙe gaskiyar da jawabin biki yake tsallakewa.

Daga cikin masu tarawa akwai waɗanda abin ya wuce akwati. Wani mai ɗaukar hoto, Duane Rieder, ya mayar da tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a unguwar Lawrenceville ta Pittsburgh gidan tarihin Clemente, inda aka tara riguna da kulake da hotuna da wasiƙu. 'Yan wasa da yawa, musamman na ƙasashen Latin Amurka, sukan ziyarci wurin in wasa ya kawo su garin.

Kasuwa ta Shigo

Duk abin da mutane da yawa suke so, kuma ba a ƙara yin irinsa, kasuwa ba ta barinsa. Tun daga shekarun 1980 katunan da aka saya da senti suka fara zama jari. A 1991 aka kafa kamfanin PSA, wanda aikinsa shi ne ya duba kati ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, gwargwadon kaifin kusurwa da tsabtar fuska da daidaiton hoto, sa'an nan ya rufe shi cikin roba mai tauri yadda hannu ba zai ƙara taɓa shi ba. A 2021 an sayar da katin Clemente na farko, na 1955, mai maki tara, a kan fiye da dala miliyan ɗaya. A 2022 kuwa katin wani ɗan wasa, Mickey Mantle, na 1952, ya kai dala miliyan 12.6.

A nan ne ma'auni biyu suke rabuwa. Katin dattijon da aka ambata ɗazu, wanda ya sha hannu ya sha aljihu, ba zai sami maki mai yawa ba, domin duk alamar da so ya bari a jikinsa, a idon mai dubawa lahani ce. Katin da ya kai miliyan kuwa shi ne wanda ba yaron da ya taɓa wasa da shi, wanda ya kwanta cikin duhu shekara sittin ba a kula shi ba. Watau kasuwa ta fi daraja katin da ba a so ba. Wanda ya saye shi ma sau da yawa ba ya ajiye shi a gida, sai a ma'ajiyar banki, yana jiran farashi ya hau.

Inda kuɗi ya shiga, gardama ba ta nisa. Kulkin da Clemente ya yi bugu na 3,000 da shi ɗaya ne, amma an sami fiye da ɗaya da ake cewa shi ne. A 2017 kuma iyalansa suka fitar da ɗaruruwan kayansa aka yi gwanjonsu a Miami, har da zobban da ya samu na cin kofi a 1960 da 1971. Wasu masoya abin bai yi musu daɗi ba. Amma mai adalci zai tuna cewa kayan nan gādo ne, matar da ta yi zaman takaba tana da ƙuruciya da 'ya'yan da suka tashi ba uba su suka fi kowa iko da su. Shekara da shekaru wasu suna cin riba da hoton mutumin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, saboda haka ba a ce masu shi ne kaɗai za a hana ba.

Ba kuma za a yi wa masu tarawa kuɗin goro ba. Da ba don su ba, da yawancin waɗannan kaya sun bi shara, domin farashi shi ya sa mutane suka daina zubar da akwatunan iyayensu. Da yawa daga cikinsu sun san tarihin mutumin fiye da 'yan jarida, suna iya bambance hoton gaske da na jabu, kuma daga hannunsu gidajen tarihi suke aron abin nunawa. Matsalar tana farawa ne ranar da mutum ya san makin kati da farashinsa, amma bai san abin da ya kai mai hoton cikin jirgi ba.

Abin da Ba Ya Shiga Roba

Clemente yana da wani buri da ya sha faɗa yana raye: ya gina birnin wasanni a Puerto Rico, inda 'ya'yan talakawa za su sami fili da kayan wasa da masu koyarwa. Bayan rasuwarsa Vera ta ɗauki wannan nauyi, aka kafa wurin a Carolina a kan filin da gwamnati ta bayar, yara da yawa suka amfana. Ta yi ta hidimar sunan mijinta har ta rasu a 2019. Amma daga baya rashin kuɗi da rashin kulawa sun sa wurin ya taɓarɓare. Duk mai tunani in ya ajiye waɗannan abubuwa biyu gefe da gefe, ɗan kwali a dala miliyan da filin yara da ciyawa ta ci, dole ya tambayi kansa wanne ne marigayin zai fara tambaya da zai dawo.

Duk da haka akwai tunawar da ta bi sawunsa. Tun 1973 aka sa sunansa a kyautar da hukumar wasan take bayarwa kowace shekara ga ɗan wasan da ya fi taimakon jama'a, kuma kowace ƙungiya takan gabatar da mutum ɗaya. An kuma keɓe masa rana a watan Satumba, wadda 'yan wasa da masoya suke ayyukan agaji a cikinta. Masu neman a jingine lamba 21 a dukan ƙungiyoyi, kamar yadda aka yi wa lamba 42 ta Jackie Robinson a 1997, sun daɗe suna kira.

Akwai kuma labarin Tom Walker, wani majefi Ba'amurke da yake wasan hunturu a Puerto Rico a 1972. Ya taya lodin jirgin, ya kuma nemi ya bi su, amma Clemente ya ce masa ya zauna ya yi bikin sabuwar shekara. Ya zauna. A 1985 aka haifa masa ɗa, Neil Walker, wanda ya girma ya sa rigar Pirates daga 2009 zuwa 2015, yana tsaro da katangar nan mai ƙafa 21 a bayansa. Neil ya sha faɗa cewa da mahaifinsa ya hau jirgin nan, da ba a haife shi ba. Babu ɗan gwanjon da zai iya sa wa wannan farashi.

Kammalawa

An ga yadda rashin kabari ya sa masoyan Roberto Clemente suka rarraba makokinsu a kan abubuwa, daga gada da kan sarki har zuwa ɗan kati a akwati. An ga kuma yadda kasuwa ta zo da nata ma'auni, wanda yake fifita abin da hannu bai taɓa ba. Tara kayan mamaci ba laifi ba ne, sayar da su ma ba laifi ba ne, muddin abin da aka tara yana mayar da mutum ga mai shi. Clemente ya yi shekara goma sha takwas yana neman a kira shi da sunansa, ya kuma mutu a hanyar tabbatar da cewa abincin da aka tara ya isa bakin masu yunwa. Wanda ya riƙe katinsa ya tuna waɗannan biyu, ya riƙe abu mai daraja ko da katin ya yage. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Clemente a teku ya faɗa, amma har yau ana tsintarsa.